SAI DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA

Lafiyar ma'aikaci a wurin aiki, daga Tebaram zuwa birnin Tawa

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙasar Tebaram cikin watan Afrilu ya san abin da ake kira bazara. Tun da hantsi rana take fara dukan ƙasa, kafin azahar ma'aunin zafi ya wuce 40, iska kuwa sai ka ce daga maƙera take fitowa. A irin wannan lokaci ne, bayan tabkuna sun ƙafe, garuruwa suke neman masu gina rijiya, ko dai su gina sabuwa, ko su yashe tsohuwa. Mutum guda yakan ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, abokan aikinsa suna baki suna jan ƙasa. Rijiyoyin arewacin Adar zurfi gare su. Wanda yake ƙasa, in ya ɗaga kai, sararin sama bai fi masa faɗin faifai ba. Ranar da ruwa ya fito, gari duka ya ɗauki murna, a yi wa maigari barka, a gode wa hukumar da ta biya kuɗi. Amma ba safai ake tambaya ba: shi wanda ya sauka, da wace lafiya ya fito?

Ƴan'uwa masu karatu, a kan wannan tambaya za mu tsaya a yau, domin ta shafi kowa: mai gina rijiya, lebura, magini, malamin makaranta, ma'aikaciyar likita, da kuma duk wanda yake sa wani aiki ya biya shi. A ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT, ta fitar a shekarar 2023, mutum kusan miliyan 3 ne suke mutuwa kowace shekara a duniya ta dalilin aikinsu. Abin lura a nan shi ne, waɗanda haɗari yake kashewa nan take ba su wuce 330.000 ba, sauran duka cuta ce take cin su sannu a hankali, cutar da suka ɗauko a wurin neman abinci.

DAGA AIKIN TILAS ZUWA DOKAR ƘWADAGO

Kakanninmu sun san zamanin da ran ma'aikaci ba shi da daraja. Da hannun talakawa aka fasa hanyoyi, aka gina bariki, ba lada, ba magani. Wanda ya faɗi a kawo wani. Sai ran 11 ga watan Afrilu 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa take mulki, da dokar da ta ɗauki sunan Houphouët-Boigny. Ran 15 ga Disamba 1952 aka samu dokar ƙwadago ta farko ta waɗannan ƙasashe, bayan doguwar gwagwarmayar ƙungiyoyin ma'aikata. Da Nijar ta samu ƴancin kai, ta shiga OIT a 1961, ta yi dokar ƙwadagonta a 1962, sa'an nan a 1965 ta kafa asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wanda aka fi sani da CNSS. An sake dokar a 1996, aka kuma sake ta ran 25 ga Satumba 2012. A tsakani, cikin shekarar 2009, ƙasarmu ta amince da yarjejeniyoyi uku na OIT, mai lamba 155, da 161, da 187, dukansu a kan tsaro da lafiyar ma'aikaci.

Mun kawo wannan tarihi ne domin a gane cewa kula da lafiyar ma'aikaci hakki ne da aka sha wahala kafin a same shi. Mai ba da aiki da ya saya wa leburansa hular kwano bai yi musu alfarma ba, bashi ya biya.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokar 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin ɗaukar duk matakan da suka dace domin kare rai da lafiyar waɗanda suke ƙarƙashinsa. Sabon ma'aikaci, kafin a sake shi ga na'ura ko ga rami, wajibi ne a koya masa haɗarin aikin da yadda ake kauce masa. Duk ma'aikatar da take da mutum 10 ko fiye, sai ta kafa kwamitin tsaro da lafiya, inda shugabanni da wakilan ma'aikata suke zama tare. Aikin mako awa 40 ne, kuma a kowane mako akwai hutun awa 24 a jere. Mace mai ciki tana da hutun mako 14, 8 daga ciki bayan haihuwa, sa'an nan in ta koma aiki tana da awa guda kowace rana ta shayar da jariri har shekara. Ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba.

Dokar ba ta tsaya ga raunin da ido yake gani ba. Ta ambaci damuwa da gajiyar zuciya, da shan taba, da giya, da ƙwayoyi, da cutar sida, a matsayin haɗurran da dole mai ba da aiki ya wayar da kan mutanensa a kansu. Ta kuma hana a nuna wa mutum bambanci wajen ɗauka ko kora don yana da sida, ko sikila, ko wata naƙasa.

IDAN HAƊARI YA AUKU

Ga abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya haddace. In haɗari ya same shi a wurin aiki, ko a kan hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida, mai ba da aiki yana da awa 48 ya sanar da hukuma. Ga wanda aka rubuta sunansa a CNSS, asusun ne zai biya magani, ya kuma riƙa ba shi rabin albashinsa na yini har kwana 28, daga kwana na 29 ya koma kashi biyu cikin uku, har ya warke. In naƙasa ta zauna masa, akwai kuɗin da za a riƙa ba shi; in ya rasu, matarsa da ƴaƴansa suna da rabo. Kuɗin wannan reshe na haɗari, kashi 1,75 cikin 100 na albashi, mai ba da aiki kaɗai yake zuba shi. Abin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci, kashi 5,25 cikin 100, na fanshon tsufa ne.

Saboda haka, kai da ka koyi karatu, ka nemi lambarka ta CNSS, ka duba takardar albashinka, ka adana ta kamar yadda kake adana takardar gona. Mutane da yawa ba su gane ba a taɓa rubuta su ba sai ranar da ƙarfe ya datse musu yatsa. In an samu saɓani, ofishin sufeton ƙwadago yana nan a birnin Tawa, kuma domin wannan aka buɗe shi.

WAƊANDA TAKARDA BA TA ISKE BA

Sai dai fa a faɗi gaskiya: wannan rumfa mutane kaɗan take wa inuwa. A jihar Tawa ma'aikatu masu rajista ƙidayayyu ne: masana'antar siminti ta Malbaza, wadda take aiki tun shekarun 1960, da bankuna, da kamfanonin sufuri da na gine-gine, da ƙungiyoyin agaji. A Tebaram, da Takanamat, da Afala, da Bambai, mafi yawan masu aiki ba su da kwangila sai ta fatar baki. Manomi da makiyayi su ne shugabannin kansu. Lebura ana biyansa da yamma, gobe kuma sai yadda ta yiwu. Ga waɗannan, rigakafi shi ne asusunsu, domin in abu ya faru babu mai biya. Bari mu duba haɗurran ɗaya bayan ɗaya.

Ramin rijiya. Abu uku suke kashe mai gina rijiya: rushewar ƙasa, faɗowar kaya daga sama, da gurɓatar iska. Hukumar OFEDES, wadda aka kafa a 1963, ta yaɗa rijiyar siminti mai faɗin mita 1,80, wadda ake zuba wa bango ana sauka. Bangon nan yana tsare ruwa daga ƙazanta, yana kuma tsare mai ginin daga rushewa. Faɗowar kaya maganinsa hular kwano, da sabuwar igiya da ake dubawa kowace safiya, da share bakin rijiya daga duwatsu, domin tsakuwa in ta yi tafiya mai nisa kamar harsashi take sauka.

Iska ita ce maƙiyin da ba a gani. Cikin iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne mai rayarwa. A ƙasan tsohuwar rijiya wata iska mai nauyi takan kwanta ta kore ta, kuma ba ta da launi, ba ta da wari. Tsoffin magina sun san dabarar: a zura fitila mai wuta kafin mutum ya sauka, in ta mutu, kada kowa ya shiga sai an kaɗa iska an sake gwadawa. Amma akwai gubar da fitila ba ta nunawa, ita ce hayaƙin injin jan ruwa. Injin mai shan fetur ba a saukar da shi cikin rijiya, ba a kuma ajiye shi inda hayaƙinsa zai gangara ciki. In mutum ya suma a ƙasa, kada ɗan'uwansa ya yi tsalle ya bi shi. Ta haka ne rijiya guda take cinye mutum biyu ko uku a rana ɗaya. Shi ya sa mai sauka ba ya kwance igiyar ƙugunsa, domin a iya jawo shi daga sama.

Zafin rana. A 2024 OIT ta bayyana cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan duniya suna aiki cikin zafin da ya wuce kima, a Afirka kuwa abin ya haura kashi 90. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, ma'aunin zafi ya kai 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Jiki yana sanyaya kansa ne da zufa. In ruwan jiki ya ƙare, sai ciwon kai, da jiri, da murɗar nama. In mutum ya fara sambatu, ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, to, rai ne a kan siraɗi: a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi likita. Mai aikin ƙarfi a rana yana bukatar kofin ruwa guda kowane minti 15 zuwa 20, tun kafin ya ji ƙishirwa. Wanda ya yi zufa da yawa a haɗa masa lita guda ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Baƙon aiki kuma a bar shi ya saba a hankali, mako guda ko biyu. Mafi sauƙin magani shi ne tsarin lokaci: a fara da asuba, a tsaya in rana ta take, a koma da la'asar. Ƙishirwar da ake daurewa yau da gobe ƙoda take ci.

Ƙura. Adarawa mutanen tafiya ne; da an gama girbi samari sun kama hanyar Abijan, ko Libiya, ko Nijeriya. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, da yawa sun karkata zuwa ramukan arewa. Kowa ya ji labarin ramin da ya rufta a yankin Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi, a watan Nuwamba 2021, inda aƙalla mutum 18 suka rasu. Abin da ba a cika ji ba shi ne labarin waɗanda suka dawo da ƙafafunsu, ƙura cike da huhu. Ƙurar dutsen da ake fasawa ko niƙawa a bushe tana shiga can cikin huhu ta daskare. Sai bayan shekaru mutum ya fara haki da tari, ya kasa noman da ya saba. Wannan cuta ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙurar da ta fi gari laushi. Abin da yake tare ta shi ne jiƙa dutse da ruwa kafin a fasa, da takunkumin da aka yi domin aikin. Kada kuma a kawo niƙan cikin gida: a Zamfara, a 2010, gubar dalma da take cikin dutsen zinariya ta kashe yara kusan 400 a tsakar gidajen iyayensu. Duk wanda ya dawo daga rami da tarin da ya wuce mako biyu, ya je a auna shi.

Wannan darasi zai yi mana amfani a gida. A Salkadamna, cikin ƙasar Takanamat, maƙwabciyar Tebaram, akwai gawayin ƙasa mai yawa, kuma a 2014 aka aza harsashin aikin haƙarsa da na tashar lantarki. Duk ranar da aka shiga haƙa gadan-gadan, ƴaƴan wannan yanki ne za su riƙe shebur. Ya kyautu tun yanzu hukumomi da iyayen ƙasa su san abin da za su nema: a auna huhun kowa kafin ya fara da kuma lokaci-lokaci, a rubuta kowa a CNSS, a kafa kwamitin tsaro tun ranar farko.

Maganin ƙwari. Mai lambu a bakin tabkin Tabalak, ko mai albasa a fadamun Adar, yakan yi feshi ba riga, ba takalmi, ya gauraya magani da hannu. Guba ta fata take shiga, ba sai an sha ba. A jikin kwalba akwai zane mai launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A nan karatu yake ceton rai, domin wanda ya iya karanta takardar ya san awo, ya kuma san kwana nawa za a jira kafin a tsinki ganye. Kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, na ƙungiyar CILSS, shi ne yake ba da izini. Abin da ake sayarwa a kasuwa cikin kwalba marar suna, irin su piya-piya, a yi hattara da shi. A yi feshi da sanyin safiya, iska tana bayan mutum, a wanke jiki da sabulu kafin a ci abinci, kuma galan ɗin magani kada ya koma na ruwan sha.

Ƙwayar ƙarfi. Taramol ba ya ƙara ƙarfi, rufe bakin gajiya kawai yake yi. Lebura ya sha ya yi aikin mutum biyu, bayan ƴan watanni ya kasa tashi sai da ita, wani har da farfaɗiya. Mai ba da aikin da yake yanka wa mutum aikin da ba ya yiwuwa a yini, shi ne yake tura shi wurin mai tallar ƙwaya.

MA'AIKACIN GWAMNATI A ƘAUYE

Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da dokarsu dabam, amma jiki ɗaya ne. A duba ma'aikacin likita da aka tura ƙauye shi kaɗai: shi ne mai duba marasa lafiya da rana, shi ne mai karɓar haihuwa da dare, ba ranar kasuwa, ba ranar salla. Allura za ta iya soke shi, don haka yana bukatar safar hannu, da akwatin zuba allurai, da rigakafin ciwon hanta. A duba kuma malamin makaranta a ajin zana, cikin ƙurar hunturu, iyalinsa suna Tawa ko Ƙonni, albashi sai ya yi tafiyar yini kafin ya karɓa. A kan wannan aka ƙara rashin tsaro: tun harin ran 21 ga Maris 2021 a ƙauyukan Tilliya, inda mutum 137 suka rasu, ma'aikacin da aka tura arewa da zullumi yake kwana.

Damuwa irin wannan ba ragwanci ba ce. Alamunta rashin barci, saurin fushi, mantuwa, da ƙin aikin da mutum yake so a da. Shugaban da ya san aikinsa yakan lura da su kafin abu ya ɓaci. Akwai matakan da ba su cin kuɗi mai yawa: a ba mutum hutunsa na shekara a kan kari, a tura wanda zai canje shi, a yi adalci wajen sauyin wurin aiki don kada wasu su tsufa a daji wasu a birni, shugaba ya ziyarci mutanensa ba sai ranar bincike ba. Jama'ar gari ma suna da nasu: ɗaki mai kyau, ruwa, da mutunci. Baƙon da aka riƙe da kyau ba ya ƙirga kwanakin tafiya.

DARASIN KAITA

Adar ta riga ta gwada, ta gani. A 1984, cikin tsakiyar fari, aka buɗe aikin raya karkara na Kaita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Maza da yawa sun tafi neman kuɗi, don haka mata ne suka fi yawa a fagen aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka gina shingaye, suka dasa itatuwa a kan tuddan da suka mutu. Abin da ya riƙe aikin shi ne abincin da hukumar PAM take bayarwa a kan kowane yinin aiki. Da ba a ciyar da masu aikin ba, da dutse ɗaya bai motsa ba. Magabata sun riga sun faɗa: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ayyukan farfaɗo da ƙasa da ake yi yanzu, na ramukan rabin wata da shingen duwatsu, su ma a auna su da wannan mudu: akwai ruwan sha a fage? Akwai rumfa? Akwai akwatin magani? Mai ciki da mai goyo, an rage musu nauyi?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hukumomin gari suna da makami a hannu, shi ne takardar kwangila. Duk ɗan kwangilar da zai gina rijiya, ko aji, ko hanya da kuɗin jama'a, a rubuta masa a fili cewa hular kwano, igiya, ruwan sha, lokutan hutu da jinyar wanda ya ji rauni suna wuyansa, kuma kada a biya shi kason ƙarshe sai an tabbatar. Ƙungiyoyin masu sana'a, na magina, da maƙera, da ƴan kabu-kabu, su kafa asusun taimakon juna, ko da dala ashirin-ashirin ne a mako, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitocin ƙauye, in an kawo musu mai rauni ko mai tari, su riƙa tambayar sana'arsa su rubuta. Ta haka ne hukuma za ta san inda ciwon yake. Ku kuma da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ku karanta wa ƴan'uwanku wannan shafi a dandali da bakin kasuwa.

Ran 28 ga Afrilun kowace shekara, tun daga 2003, duniya take tunawa da tsaro da lafiyar ma'aikaci, kuma a 2022 OIT ta sa wannan hakki cikin manyan hakkokin ma'aikata. A wurinmu ranar tana faɗowa daidai tsakiyar bazara, lokacin da masu gina rijiya suke cikin rami. Maigarin da ya tsaya a bakin rijiya a wannan rana, ya duba igiya, ya sa aka zura fitila, ya hana a kunna inji kusa da baki, ya cika abin da ake nema, ko da bai taɓa jin sunan OIT ba. Allah ya ba mu lafiya, ya mai da kowane ma'aikaci gidansa da ƙafafunsa.